Yadda Na Sha Fama Kafin Manhajata Ta Yi Aiki a Windows, macOS da Linux

A farkon shekarar 2023 na kammala wata ƙaramar manhaja da na rubuta da harshen C++, wadda aikinta shi ne ta karanta tarin fayilolin rubutu, ta ƙirga kalmomin da ke ciki, ta nuna kowace kalma tare da jimlar da ta zo a cikinta, sannan ta jera su bisa tsarin haruffan Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ kuma ke bin k. Ba ta da taga ko maɓallan dannawa, a allon umarni ake kiranta. Na rubuta ta ne a kwamfutata mai ɗauke da Ubuntu 22.04, na ɗora kod ɗinta a wani rumbu a GitHub, shafin ajiye kod a intanet, ƙarƙashin lasisin MIT domin duk mai so ya ɗauka ya gyara, kuma a takardar bayanin da ke gaban rumbun na rubuta cewa tana aiki a duk inda ake da kompailar C++17. Kompaila ita ce manhajar da ke juya kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa harshen da inji ke ganewa. Ban gwada wannan magana a ko'ina ba, na dai ɗauka cewa tunda harshen ɗaya ne, kuma yana da rubutacciyar ƙa'ida da duniya ta amince da ita, babu abin da zai bambanta. Wata bakwai na yi ina biyan bashin wannan jimla guda, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru daki-daki, ko wanda zai bi wannan hanya a bayana ya sami sauƙi.

Wata malama mai nazarin harshe ce ta fara taso da maganar. Ta aiko mini da saƙo cewa: "Malam, na ga aikinka kuma irinsa nake nema, sai dai kwamfutata Windows ce, ban kuma san yadda ake haɗa kod ba. Ko za ka taimaka da wadda zan sauke kawai in fara aiki?" Na amsa mata da cewa ta ba ni mako guda. Na girka Windows 10 a kwamfutar kwaikwayo, wato wadda ake kunnawa a cikin wata kwamfutar, na sa Git, manhajar da ke kwafo kod tana bin sauye-sauyensa, na ba shi umarnin kwafo rumbuna. Tun a nan aka tsaya, kafin a kai ga maganar kompaila. Akwai wani fayil da na sa wa suna aux.cpp, na tara ƙananan ayyukan taimako a cikinsa, ashe AUX na cikin sunayen da Windows ya keɓe wa na'urori tun zamanin DOS, tare da CON da PRN da NUL da COM1 da LPT1 da 'yan uwansu, kuma a Windows 10 ƙara wutsiya kamar .cpp ba ya fitar da sunan daga wannan hani. Na koma Linux na sauya masa suna. Da na sake kwafowa sai Git ya yi gargaɗi kan wasu fayiloli biyu, Kalma.h da kalma.h, waɗanda a Linux abubuwa biyu ne mabambanta, amma a Windows suna ɗaya ne, domin a yadda aka saba saita shi ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Ɗaya ya hau kan ɗaya, ya rage saura guda. Abu na uku shi ne ƙarshen layi. Linux na rufe layi da alama ɗaya, LF, Windows kuma da biyu, CR da LF, kuma Git ɗin da na girka yana juya fayiloli zuwa salon Windows yayin kwafowa. Ban lura ba sai bayan kwana biyu, lokacin da wani rubutun umarni da na gyara a can na mayar da shi Linux ya ƙi tashi, yana kukan cewa bai san wani mai fassara da sunansa ya ƙare da ^M ba. Maganin wannan layi biyu ne a fayil ɗin .gitattributes, amma sai da na ɓata yini kafin na gane inda gizo ke saƙa.

Daga nan sai zaɓen kompaila. Hanya biyu ce a gabana: MinGW-w64, wadda GCC ce da aka daidaita wa Windows, ko kuma MSVC ta Microsoft. Na zaɓi ta biyu saboda na yi tunanin duk wanda zai taimaka mini da kod daga ɓangaren Windows da ita ya saba. Saukar da kayan aikinta ya ci gigabayit da dama da kuma rabin yini na jira. Makefile ɗin da na rubuta da hannu bai yi amfani a nan ba, don haka na sake tsara ginin gaba ɗaya da CMake, wanda shi ke samar wa kowane tsari irin fayilolin ginin da ya dace da shi. Da na ba da umarnin gini na farko, kurakurai suka cika allo har ban ga farkonsu ba. Da yawansu daga tushe ɗaya suke: na yi amfani da unistd.h, wanda na tsarin POSIX ne, ƙa'idar da Linux da macOS ke bi, babu shi a can. Wasu kuma sun ba ni mamaki, domin kompaila tana ƙorafi kan std::min da std::max, abubuwan da ke cikin ƙa'idar harshen kanta. Dalili shi ne windows.h yana da nasa min da max da ke shiga gaba su ɓata na harshen, sai an ayyana NOMINMAX kafin a kira shi. Waɗannan duka masu sauƙi ne, tunda kompaila ta faɗe su da bakinta. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda bai yi ƙara ba. Manhajar tana ajiye fihirisar kalmomi a wani fayil, kuma na yi amfani da nau'in lamba mai suna long wajen rubuta matsayin kowace kalma. A Linux da macOS masu bit 64, long bit 64 ne. A Windows mai bit 64, long bit 32 ne, iyakarsa 2,147,483,647. Saboda haka fihirisar da aka rubuta a Linux ta zama shirme idan an karanta ta a Windows, ba tare da wani saƙon kuskure ba, sai dai ka nemi kalma a nuna maka wata. Na bi kod ɗin layi-layi na mayar da duk lambar da za a rubuta a fayil zuwa int64_t ko int32_t, waɗanda faɗinsu ba ya sauyawa ko'ina.

Mako ya cika ya wuce, na ba malama haƙuri, na shiga abin da ya fi komai cin lokacina, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Na ƙirƙiri fayil na gwaji mai suna ƙamus.txt, na ba manhajar, ta ce babu fayil mai wannan suna, alhali ga shi ina kallonsa a folda. A Linux sunan fayil jerin bayit ne kawai, kuma kusan kowa na rubuta shi da UTF-8, wani salon mayar da haruffa zuwa bayit, inda ƙ ke zama bayit biyu, C6 da 99, a miƙa su yadda suke a buɗe fayil. Windows kuwa a cikinsa da UTF-16 yake aiki, kuma idan manhaja ta karɓi suna ta tsohuwar hanyar main da fopen, sai an fara juya sunan zuwa wani tsohon jadawalin haruffa na yankin da aka saita kwamfutar. A tawa jadawalin shi ne Windows-1252, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai, babu ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a cikinsa. Ke nan kafin sunan ya iso hannun kod ɗina ya riga ya lalace, babu kuma dabarar da za ta dawo da shi daga nan. Na karanta cewa tun daga Windows 10 sigar 1903 ana iya sanar da tsarin cewa manhaja na son UTF-8 kai tsaye, amma ban san sigar da ke hannun masu amfani ba, don haka na bi doguwar hanya: na karɓi sunaye da wmain a UTF-16, na juya su zuwa UTF-8 a bakin ƙofa, duk aikin ciki ya gudana da UTF-8, sai lokacin buɗe fayil a sake juya su. Fayil ya buɗe, na yi murna, sai sakamako ya fito a allo da wasu baƙaƙe da ba na kowane harshe ba, domin shi ma allon umarni yana da nasa jadawalin, sai an mayar da shi lamba 65001. Bayan wannan na gano cewa ita kanta MSVC tana buƙatar a ba ta /utf-8 kafin ta karanta haruffan da na rubuta a cikin kod daidai.

Ana cikin haka manhajar ta faɗi warwas a tsakiyar gwaji, ta fito da taga mai nuna cewa an ba isalpha, aikin da ke duba ko abu harafi ne, lambar da ba ta halatta ba. Wannan ya kunyata ni ƙwarai, domin laifin nawa ne tun asali, ba na wani tsari ba. Bayit C6 ya haura 127, idan aka ajiye shi a char mai alama, wato nau'in lamba mai bayit ɗaya da ke iya gaza sifili, sai ya koma lambar da ke ƙasa da sifili, kuma ƙa'idar harshen C ta ce ba a ba isalpha irin wannan lamba. Laburaren C na Linux ɗina, wato tarin shiryayyen kod da manhajoji ke dogara da shi, yana haƙuri da wannan kuskure ya wuce, shi ya sa na yi watanni ban sani ba. Daga ranar na daina kallon ƙorafin kompaila ta biyu a matsayin fitina. Akwai kuma wani fayil na malama da manhajar ke karanta kashi ɗaya cikin uku ta tsaya, kamar ta kai ƙarshe. Na buɗe shi bayit-bayit na tarar da 1A a daidai wurin tsayawar. Idan aka buɗe fayil a matsayin rubutu a Windows, wannan bayit na nufin ƙarshen fayil, gado ne daga tsofaffin tsare-tsare. Ƙara harafin b a umarnin buɗewa ya warware shi, harafin da a Linux sa shi da rashinsa duk ɗaya ne.

A mako na biyar na aika wa malama manhajar, cikin awa guda ta dawo da hoton allonta: ba a sami VCRUNTIME140.dll ba. A kwamfutata yana nan saboda ya zo tare da kayan gini, a tata kuwa babu. Haka ma fayilolin DLL na ICU, babban laburaren Unicode (ƙa'idar haruffan duniya a kwamfuta) da na dogara da shi, wanda a Ubuntu umarni guda ya girka mini shi, a Windows kuma sai da na gina shi ta vcpkg ina zaune ina kallon allo. Na haɗa komai cikin manhajar girkawa guda na sake aikawa. Wannan karon wata shuɗiyar taga ce ta tare ta, SmartScreen yana gargaɗin cewa ba a san wanda ya wallafa manhajar ba. Malama ta tambaye ni ko ƙwayar cuta na aiko mata, kuma ban ga laifinta ba. Na bincika yadda ake sa wa manhaja hannu, na tarar sai an sayi takardar shaida daga ɗaya daga kamfanonin da aka amince da su, ana sabuntawa ana biya, sai an tantance ko kai wane ne da takardun shaidarka, kuma tun daga Yunin 2023 dole mabuɗin sirrin ya zauna a na'ura ta musamman, ba a fayil ba. Na auna kuɗin da aikin da ba ya kawo mini ko sisi, na haƙura, na rubuta bayani da hotuna kan yadda ake wuce gargaɗin. Matsala ta ƙarshe a wannan zango ta fito ne bayan mako guda tana amfani da ita: fihirisa ba ta sabuntuwa. Dabarata ita ce in rubuta sabuwa a fayil na wucin gadi, sannan in sauya masa suna ya hau kan tsohon, abin da rename ke yi cikin taki ɗaya a POSIX. A Windows rename ɗin C na ƙin aiki idan akwai fayil mai wannan suna, kuma fayil ɗin da wata manhaja ta riƙe a buɗe galibi ba ya goguwa. MoveFileEx ne ya fitar da ni.

Ban gama hutawa ba wasu mutum biyu suka nemi ta macOS. Ba ni da Mac, sai na ari ta wani abokin aiki a ranakun hutun ƙarshen mako, wanda ya sa duk kuskuren da ban gama da shi ranar Lahadi ba sai ya jira kwana biyar. Na shiga da ƙarfin gwiwa tunda macOS dangin Unix ne, kuma gaskiya kod ɗin C++ ya haɗu ba tare da gardama ba. Abubuwan da ke kewaye da shi ne suka ba ni aiki. Umarnin gcc a can Clang ne ke amsawa da wannan suna. Umarnin sed na dangin BSD ne, kuma -i ɗinsa na neman ƙarin bayani da na GNU ba ya nema, don haka rubutun da ke saka lambar siga a kod ya tsaya. Bash ɗin da ya zo da tsarin siga ta 3.2 ce, ba ta san wasu abubuwan da na saba da su ba. Na girka ICU ta Homebrew, manhajar girka kayan aiki a Mac, amma CMake ya ce bai gan shi ba, domin Homebrew na ajiye wannan laburare a gefe ba tare da ya haɗa shi da sauran ba, kuma gidan Homebrew kansa ya bambanta: /opt/homebrew a kwamfutoci masu furosesar Apple, /usr/local a masu Intel. Da na nuna masa hanya gini ya kammala, gwaje-gwaje suka wuce, na aika. Mutum na farko ya ce manhajar na neman laburare a wata folda da babu ita a kwamfutarsa. Na duba da otool na ga cikakkiyar hanyar foldar Homebrew ta kwamfutar aro a rubuce cikin manhajar, sai na koyi @rpath da install_name_tool. Na biyu ya ce tasa ta ƙi ko motsi, ashe Intel gare shi, ni kuma na gina wa arm64, irin furosesar da Apple ya fara fitarwa a Mac da M1 a Nuwamban 2020. Ana iya haɗa nau'i biyun a fayil guda da lipo, amma sai kowane laburare ma yana da nau'i biyun, wanda ya tilasta mini gina ICU sau biyu da hannuna.

A nan ma sunayen fayil sun sake tasowa ta wata fuska. Masu nazarin harshe na sa alamar karin sauti a kan wasula, kuma Unicode na da hanya biyu ta rubuta harafi irin à: ko dai harafi guda haɗaɗɗe, ko a da alamarta a biye. A ido ɗaya suke, a bayit sun bambanta. Tsohon tsarin ajiyar fayil na Mac, HFS+, yana ajiye sunaye a warwatse, kuma ko da APFS ya maye gurbinsa a 2017 har yanzu ana cin karo da sunaye masu wannan siffa. Manhajata sai ta ɗauki fayil guda a matsayin biyu. Su ƙ da ɗ da ɓ wannan bai shafe su ba, domin ba su da warwatsattsiyar siffa, shi ya sa gwaje-gwajena ba su kama shi ba.

Zangon sa hannu a macOS shi ne ya fi kama da bin ofisoshi, don haka zan faɗe shi bi da bi. Tun daga macOS Catalina na 2019, manhajar da aka sauko da ita daga intanet tana buƙatar sa hannun mai ita da kuma tantancewar Apple kafin Gatekeeper, mai tsaron ƙofar tsarin, ya bar ta ta buɗe ba tare da tsaiko ba. A nan na yanke shawarar biya, domin kuɗin a bayyane yake, dala 99 a shekara. Na buɗe asusun Apple mai tabbatarwa ta mataki biyu, na cike rajistar shirin masu haɗa manhaja da sunana kamar yadda yake a takardun shaidata, na biya, na jira kwana biyu aka amince. Wanda zai yi rajista da sunan ƙungiya ko kamfani sai ya tanadi lambar D-U-N-S tukuna, ni da na shiga a matsayin mutum ɗaya ban buƙace ta ba. Daga nan na ƙirƙiri buƙatar takardar shaida a Keychain Access, na ɗora, na sauko da shaidar Developer ID, na sa hannu da codesign, na naɗe manhajar a fayil ɗin dmg, na tura da notarytool. Bayan 'yan mintoci amsa ta dawo cewa ba a karɓa ba. Rahoton da ke biye ya lissafa laifuffukana dalla-dalla: ban kunna tsauraran matakan kariyar da ake buƙata ba, sa hannuna ba shi da hatimin lokaci, kuma laburarorin da ke ciki ban sa musu hannu ɗaya bayan ɗaya ba. A karo na uku aka karɓa, na manna shaidar a jikin dmg ɗin da stapler, wanda shi ne dalilin naɗe ta tun farko, tunda ba a iya manna wa tsirarar manhajar allon umarni. Abu biyu zan ja hankali a kansu. Na ɗaya, fayil ɗin da ka gina a kwamfutarka ba ya ɗauke da alamar killacewa da burauza ke sa wa abin da aka sauko da shi, don haka zai buɗe maka lafiya ko da ba zai buɗe wa kowa ba. Sai ka ɗora shi ka sauko da shi kamar baƙo kafin ka san gaskiya. Na biyu, mabuɗin sirrin shaidar yana zaune ne a kwamfutar da aka ƙirƙiri buƙatar. Na riga na sa kwamfutar aro a jaka zan mayar lokacin da na tuna, na fito da ita na kwafe mabuɗin a fayil ɗin p12 mai kalmar sirri, na kuma goge shi daga can.

Na ɗauka Linux gida ne, ba abin da zai same ni a can, ashe an gudu ba a tsira ba. Tunda na ba masu Windows da Mac ginanniyar manhaja, sai na ɗora ta Linux ma. Wani mai Ubuntu 20.04 ya rubuto cewa tana neman GLIBC_2.34 ba ta samu ba. Laburaren C na kwamfutata, wato glibc, siga ta 2.35 ce, tasa 2.31, kuma abin da aka gina da tsohuwa yana aiki a sabuwa, amma akasin haka galibi ba ya yiwuwa. Ko da ya tsallake wannan, ICU ɗinsa siga ta 66 ce, tawa ta 70, kuma lambar na cikin sunan fayil ɗin da manhajar ke nema. Mai Fedora, wani nau'in Linux, ya ce umarnin girka kayan gini da na rubuta bai yi masa aiki ba, domin ƙunshin da Debian ke rufe sunansa da -dev su -devel suke ce masa. Mai Alpine ba shi da glibc ɗin ma sam, musl yake amfani da shi. Wanda ya fi burge ni shi ne wani da ya gina ta a Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta mai furosesar ARM, ya ce duk kalma mai ƙ tana rabewa biyu, ya kuma aiko da gyaran da kansa. Akwai wurin da nake gane bayit ɗin UTF-8 ta hanyar duba ko char ya gaza sifili, alhali a Linux na furosesar ARM char ba shi da alama, ba ya taɓa gaza sifili. Wannan gyara na layi ɗaya shi ne karo na farko da na ɗanɗani amfanin buɗe kod ga jama'a. Na koma gina ta Linux a cikin kwantenar Docker, wani keɓaɓɓen muhalli mai tsohon tsarin Linux, matsalar glibc ta kau.

Sai a wata na shida na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato na saita GitHub Actions, wanda kyauta ne ga buɗaɗɗun rumbuna, ya riƙa gina manhajar yana gwada ta a Ubuntu da Windows da macOS duk lokacin da na tura gyara. Saita shi ma ya ci kwanaki, domin ba ka ganin kwamfutar da ke aikin, sai ka tura ka jira minti ashirin ka karanta rahoto, ka gyara harafi ɗaya ka sake jira. A wannan watan ne kuma na zauna na duba abin da nake amfani da shi a ICU, na tarar daidaita siffar haruffa ne kawai da mayar da babban baƙi ƙarami, tunda jerin haruffan Hausa da hannuna na rubuta shi. Saboda wannan ɗan aiki nake jan laburaren da bayanansa kaɗai sun kusa megabayit 30. Na maye gurbinsa da utf8proc, ƙaramin laburaren C da ake iya ginawa tare da kod ɗina, sai kusan rabin wahalar da na lissafa a sama ta ɓace a yini ɗaya.

Da zan sake farawa, ranar da na buɗe rumbu ranar zan sa gwajin tsari uku, tun kod bai wuce layi ɗari ba, domin kuskuren da aka kama ranar da aka yi shi minti biyar yake ci, wanda ya kwana wata shida kuwa wasu abubuwa sun riga sun ginu a kansa. Kusan duk abin da ya same ni zato ne da na yi ban san na yi ba: cewa sunan fayil bayit ne, cewa long na da faɗi kaza, cewa abin da ke kwamfutata yana kwamfutar kowa. Irin wannan zato ba ya ganuwa ga mai tsari ɗaya komai ƙwarewarsa, sai wata kompaila ko wata kwamfuta ta ƙi shi. Yanzu duk abin da ya shafi tsari, kamar buɗe fayil da sauya suna da gano inda ake ajiye saituna, wanda a Linux ~/.config ne, a Windows AppData, a Mac kuma Library/Application Support, na tattara shi a fayil ɗaya, sauran kod ɗin bai san a ina yake gudana ba. Kafin in ɗauki sabon laburare nakan tambayi yadda ake gina shi a wurare ukun, in kuma karanta lasisinsa, domin irin su LGPL na da sharuɗɗa idan za a narkar da su cikin manhaja, abin da mai rarraba ginanniyar manhaja ba zai kauce masa ba. Fayilolin gwajina kuma yanzu da gangan nake sa musu sunaye masu ƙ da à da tazara a tsakiya, kuma ba na aika wa kowa komai sai na gwada a kwamfutar da ba a taɓa girka kayan gini a cikinta ba. Lokacin sa hannu da naɗewa shi ma a ware masa kasonsa tun farko, domin a wurina ya kai na gyaran kod ɗin kansa.

Waccan jimla ta takardar bayani na goge ta, na sa jerin tsare-tsaren da ake gwadawa da sigoginsu, da gargaɗin cewa ta Windows ba ta da sa hannu har yanzu. A lokacin da nake wannan rubutu saura 'yan watanni rajistar Apple ta ƙare, ban kuma yanke shawarar ko zan sabunta ba, tunda masu amfani da ta Mac da na sani ba su wuce biyar ba. Akwai kuma buƙatar wani mai FreeBSD da ke jira a rumbun tun watan jiya, na amsa masa cewa ba ni da inda zan gwada, idan ya gina ta ya aiko mini da rahoton abin da kompaila ta ce.